Janar Yana da Suna, Sojojin da Ke Gabansa Ba Su da Shi

Ranar Asabar da ta wuce na shiga kasuwar Portobello da ke Landan, inda ake baje kolin tsofaffin kaya, sai na tsaya a rumfar wani dattijon Bature wanda ba ya sayar da komai sai hotunan manyan hafsoshin yaƙi. Kowane hoto yana cikin ledarsa, an jera su a akwatunan katako shekara bi shekara, kuma ba ya yarda a riƙe hoto sai ta gefe. Ga Montgomery a hamadar Masar a 1942, ga Slim a ƙasar Bama, masu saye kuwa sun duƙufa da gilashin ƙara girma suna duba hatimin da ke bayan takardar, domin da shi suke gane na asali.

A nan na ci karo da hoton Janar Stockwell, wanda ya jagoranci runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma a yaƙin Bama a 1945, yana duba sahun baƙaƙen sojoji. Ɗaya daga cikinsu yana da tsagar gado irin ta mutanen garinmu. Na tambayi dattijon ko su wane ne, ya ce 'yan Afirka ne kawai. Mutumin da ya lissafa mini lambobin yabon da ke ƙirjin Janar ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya dunƙule mutum goma sha biyu a kalma guda. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Ba zan hana Turawa yabonsu ba, sun iya adana kaya. Hoton kakana sanye da kaki, gara ce ta cinye shi a ƙasan adaka, ba mu farga ba sai bayan rasuwarsa. Amma ban yarda mu ne masu mantuwa ba. A unguwarmu, idan aka ambaci yaƙin Bama, tsofaffi za su kawo maka sunan kowa da na ubansa da gidan da ya fito, da wanda ya dawo da wanda aka yi zaman makokinsa ba gawa. Barikin Dalet na Kaduna da na Chindit a Zariya ma daga wancan yaƙin suka samo suna. Abin da ke damuna shi ne tsofaffin nan ƙarewa suke yi, ni kuma ina nesa.

Na sayi hoton, na tura wa baffana ta WhatsApp, na roƙe shi ya nuna wa dattawan ƙofar masallaci bayan la'asar, ko Allah zai sa wani ya gane mai tsagar nan.