Ɗakin Tafi-da-gidanka a Kan Doguwar A-kori-kura

A jihar Texas, da a-kori-kura ake sanin namiji. Ba wai kaya ake ɗauka da ita ba. Yawancin waɗanda ke wucewa ta unguwarmu a Dallas bodinsu fes yake, ko buhun siminti bai taɓa hawa ba. Tsayi ake ji da shi. Ka tsaya a danja da 'yar motarka, ka waiga, sai ka ga taya ce saitin tagarka, mai motar yana can sama yana kurɓar kofi. Haka na yi ta haɗiyar yawu har Allah ya hore mini tawa, irin wadda suke kira rabin tan. Na kai wa bakanike ya ɗaga ta inci 6, ya sa mata tayoyi masu inci 35. Da na shigo gida uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Baban yara, jirgin saman ne bai samu ba?" Na karɓa a matsayin yabo.

Ana nan sai Hajiya, mahaifiyar uwargida, ta zo daga Kano ganin jikoki. Na ce ai ba za ta koma ba ta ga Amurka daga falo kawai, sai mun kai ta kwazazzabon Palo Duro, kusa da Amarillo, wanda shi ne na biyu a girma a ƙasar. Da na lissafa kuɗin otal na mutum 5 sai dabara ta zo mini. Wani dattijon Bature a bayan gari ya sa ɗakin tafi-da-gidanka a kasuwa da arha, irin wanda ake zurawa cikin bodin a-kori-kura. Ba ja ake yi ba, ba shi da taya ko ɗaya. Akwai gado a ɓangaren da ke leƙowa ta saman kan direba, ga murhun gas, ga firji, ga tankin ruwa da ɗan banɗaki. Yana tsaye a kan ƙafafun ƙarfe 4, kowace da jak a jikinta. Ka murɗa ya tashi sama, ka yo ribas ka shige ƙarƙashinsa, ka sauke shi a bodi, ka ɗaure da sarƙoƙi. A bidiyon da na kalla, kafin shayi ya huce an gama.

Dattijon ya fito, ya kalli motata tun daga taya har rufi, ya cire hularsa ya sosa kai. Ya tambaye ni ko na auna tsayin bodin daga ƙasa. Na ce masa mu a wajenmu ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Bai gane ba, ya miƙo mini mamurɗin jak.

Murɗa jak ɗin nan akwai ƙa'ida. Gaba ake fara ɗagawa, kuma kullum gaban ya ɗan fi bayan tsayi, don nauyin gadon nan da ya leƙo yana iya rinjayar ɗakin ya kifa da goshi. Kowace kusurwa kaɗan-kaɗan ake yi mata, a zagaya, a dawo. Rana na dukana, ina zagaye ɗaki ina murɗawa, rigata ta jiƙe sharkaf. Can jak ya ce ƙas, ya kai ƙarshe. Na yo ribas a hankali, sai uwargida ta daka mini tsawa in tsaya. Na sauko na duba: gindin ɗakin yana ƙasa da bodin da kusan faɗin tafin hannu. Waɗanda suka ƙera ƙafafun da motar da ta fito daga kamfani suka yi lissafi, ba su san da zaman irina ba.

Na ce a kawo bulo. Dattijon ya ce sam, bulon siminti yana iya darewa ba sallama, katako mai kauri ake jerawa. To ta yaya za a sa katako ƙarƙashin ƙafar da ke ɗauke da ɗaki? Sai an sauke ɗakin a kan wasu jakunan katako da yake ajiye shi a kai, a janye ƙafafun, a jera katakon, a sake murɗawa daga farko. Aka yi. Saura kaɗan, bai kai ba. Muka sace iskar tayoyin baya har suka yi laɓo. Tayoyin da na zuba wa kuɗi don su ɗaga ni, ga ni durƙushe ina danna musu tsinke suna huci.

Sai shigar da kanta. Tsakanin tuddan nan biyu da ke rufe tayoyi a cikin bodi inci 50 ne ko kusa da haka, gindin ɗakin kuwa inci 48, wato kuskuren da aka yarje maka bai wuce inci guda ta kowane gefe ba. Ga tayoyina masu faɗi sun fito waje, tsakaninsu da ƙafafun gaba bai fi yatsa biyu ba. Ɗakin yana can sama a kan siraran ƙafafu da tarin katako, iska na kaɗawa yana rawa. Uwargida ce mai ba da hannu.

"Dama! Dama!"

Na karya dama.

"Ba damarka ba, damata!"

"Maman yara, ke da kike fuskantata, damarki ai haguna ce."

"To yi hagun ɗin mana, wa ya hana ka?"

Dattijon ya koma can nesa ya tsaya bayan bishiya. Da ɗakin ya zauna a bodi sai na ji motar ta yi ajiyar zuciya, bayanta ya durƙusa, hancinta ya kalli sama. A hanyar komawa da magariba duk motar da muka yi gaba da gaba sai ta watso mini fitila. Na ce wa uwargida gaisuwa ce ta masu manyan motoci. Ta ce fitilunmu ne ke haska idon mutane da rassan bishiya.

Maƙwabcinmu, tsohon direban tirela, shi ya ɓata mini rai washegari. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata sitika mai ruwan ɗorawa a jikin ginshiƙin ƙofa, wadda ban taɓa kula da ita ba. A nan kamfani ke rubuta iyakar nauyin da mota za ta ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya. Tawa kilo 700 aka rubuta. Ɗakin kuma, a jikin farantinsa, kilo 680 ne, amma a bushe: ba ruwa, ba gas, ba ko cokali. Tankin galan 30 idan ya cika ya haura kilo 110. Tukunyar gas cikakkiya wajen kilo 17. Ga batir, ga mu mutum 5, ga shinkafa da manja da tukwanen uwargida. Ya ƙara da cewa ƙarafan da aka ɗaga motar da su, su ma daga cikin kason aka ci, kuma ɗaga mota ba ya ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ko na kilo guda, sai dai ya mayar da nauyin can sama inda ya fi jin daɗin rinjaya. Na tambaye shi balan-balan ɗin iska da ake sa wa sifirin na baya fa? Ya ce za su daidaita mata zama, amma birki da aksil suna nan yadda suke.

A bisa lissafinsa, idan na ɗora ɗakin, abin da ya rage mini bai kai nauyin ƙaramin ɗana ba. Ni kaina direban na zama ƙari.

Aka yi sulhu. Na zubar da ruwan tanki, aka kwashe kayan abinci. Uwargida ta ɗauki Hajiya da yara da tukwane a ƙaramar motarta tana bina a baya. Tafiyar da aka shirya don tsimi ta koma mota biyu, tanki biyu.

Hanya mai lamba 287 ita ke bi ta Wichita Falls da Childress zuwa Amarillo, wajen mil 360, yawancinta fili ne fetal. Yankin ya yi suna wajen iska, shi ya sa za ka ga fankokin samar da lantarki jere har iya ganinka. Ni kuwa na zo musu da bango mai tsayin ƙafa 12. Iska ta bugo daga gefe, motar ta riƙa tafiya irin ta raƙumin da aka yi wa lodin gishiri, ta karkata nan, ta yi tunani, ta karkata can. Tirela ta wuce, sai na ji an tura ni, an kuma jawo ni. Duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo ta dawo mini. Na kafe allura a kan 60, ashe manyan tayoyi sun sa agogon yana rage lissafi, 65 nake yi. Uwargida ta bugo waya ta ce Hajiya ta ce a tambaye ni ko barci nake ji. Na ce a gaya mata lafiya lau, haka irin waɗannan motocin suke tafiya.

A Childress yunwa ta sa na karya zan bi layin da ake sayen abinci daga cikin mota. Ƙarfen da suke ratayewa a bakin shiga an rubuta masa ƙafa 9. Allah ya sa ɗana ya gani daga motar baya, suka dinga danna ham. Na yo ribas, motoci 6 a bayana su ma dole suka yo ribas.

Gangaren shiga Palo Duro kuwa, zurfin wajen ƙafa 800 ne, hanyar na murɗewa a jikin jajayen duwatsu. A ƙaramin giya na sauka, ina jin ƙaurin birki, duk kwana sai ɗakin ya leƙa ramin kafin ni. Muka isa masauki lafiya. Wajen yana da kyau ƙwarai, wannan ba a ja.

Na zagaya na buɗe ƙofar ɗakin da fara'a don Hajiya ta shiga ta huta. Ƙofar ta baya ce, kuma bakinta ya kai ƙirjin Hajiya. 'Yar matakalar da dattijon ya haɗo mini da ita tana lilo a iska, ba ta taɓa ƙasa ba. Na jawo akwatin ƙanƙara na sa, na ɗora katako a kai. Hajiya ta dubi akwatin, ta dubi ƙofar, ta dafa gwiwarta. Ba ta kalle ni ba, don tsakaninmu akwai kunya. Ta juya wajen 'yarta.

"Ke, tambayar mini shi, idan na hau, wa zai sauko da ni alwalar asuba?"

A otal suka kwana a Amarillo, ɗaki biyu, ni na biya. Ni na kwana a ɗakin tafi-da-gidanka, tunda an riga an biya kuɗin filin. Da safe uwargida ta kira ta ce Hajiya ta yi barci mai daɗi, ta kuma ce in an tashi komawa in yi gaba, su ba ni rata, don ba ta son kallon abin.