Kujerar da Ƙwari Suka Riga Ni Zama

Hotuna ne suka ja mini. Kwana da kwanaki ina leƙen falon mutane a intanet, kowanne da wata tsohuwar kujera mara majingina a kusurwa, an ɗora mata littafi ɗaya ko tukunyar fure, sai ka ga ɗakin ya yi kwarjini kamar mai shi ya gaji arziki tun kaka da kakanni. Na dubi namu falon, daga kushin sai teburin gilashi. Zuciyata ta ce, kai ma fa mutum ne.

Kafin in fitar da kuɗi sai da na yi karatu, don kada a yi mini sakiyar da ba ruwa. Na gano cewa masu wannan harka ba sa kiran abu kayan tarihi sai ya cika shekara 100, wanda bai kai ba kuwa tsohon yayi ne kawai. Na haddace labarin kujerar nan mai ƙafa uku da Alvar Aalto, mutumin Finland, ya zana a farkon shekarun 1930, wadda ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Na kuma haddace hikimar ƙafa ukun kanta: duk rashin daidaiton ƙasa, ƙafafu uku sai sun taka gaba ɗaya, shi ya sa masu tatsar shanu suka fi son irinta, ba ta rawa kamar mai huɗu. Da wannan ilimi na tunkari wani dillalin tsofaffin kaya ina taƙama.

Ya fito mini da ita yana riƙe da ita kamar jaririya. Baƙa ce, gajera, ba ta kai gwiwa ba, jikinta duk tabo. Ya ce ta tatsa ce, kuma ta haura shekara ɗari. Na nuna masa wasu ƙananan huji da suka cika ƙafafun, sai ya rage murya ya ce, "Alhaji, ai hatimin shekaru ke nan. Wanda ya sani shi yake nema." Ni kuwa na fi so a ce ina cikin waɗanda suka sani, ko tayi ban yi ba.

Uwargida ta zagaya ta sau biyu, ta ce, "Maigida, itacen hura wuta ne ya yi tsada har aka fara sayar da shi da ƙafafu?"

Ban kula ta ba. Na kafa doka: ba mai zama, ba mai takawa, ba mai gogewa da ruwa, don dattin da ke jikinta shi ne darajarta. Da ta tambayi amfanin kujerar da ba a zama a kai, sai na kawo mata misalin Kujerar Zinare ta Asante a Ghana, wadda ko sarki ba ya hawa, ba a ma barin ta taɓa ƙasa. Na ce a 1900 gwamnan mulkin mallaka na Ingila Frederick Hodgson ya je Kumasi ya nemi a kawo masa ita ya zauna, yaƙi ya ɓarke, Yaa Asantewaa ta ja gaba. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To ka dai lura, mace ce ta ja yaƙin."

Mako bai cika ba sai ga wata ƙura mai laushi kamar hoda a ƙarƙashin kujerar, tsibi-tsibi. Na tara yara na yi musu faɗa, babban har da rantsuwa. Aka share. Washegari ta dawo, tsibi huɗu, a jere kamar an auna. Da na koma karatu sai jikina ya yi sanyi. Ashe wani ƙwaro ne ke zuba ƙwai a tsagar katako, tsutsar ta shige ciki ta yi shekara uku zuwa huɗu tana ci a ɓoye, in ta girma ta huda ƙofa mai faɗin milimita ɗaya ko biyu ta fice. Sabuwar ƙura kuma shaida ce cewa masu gida suna nan. Wato ni na hana iyalina zama, alhali wasu sun daɗe da tarewa a ciki ba haya.

Na kuma karanta cewa gidajen adana kayan tarihi kan naɗe irin wannan katako a leda su daskarar da shi kwanaki, sanyi ya kashe tsutsa da ƙwai. Na jira kowa ya yi barci, na kwashe duk abin da ke cikin firiza na jibge a bokitai, na cusa kujerar. Ƙafa ɗaya ta ƙi shiga, murfin bai rufu ba, na ɗora masa akwatin littattafai. Da asuba ihun uwargida ne ya tashe ni. Na tarar da ita tsaye cikin ruwan ƙanƙarar da ta narke, tana kallon ƙafar kujera da ta leƙo kamar ta wanda aka binne da gaggawa.

"Maigida, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Na ce magani ake yi mata. Ta ce ai ba kujerar ce ke buƙatar magani ba.

Kwana bakwai ta yi a ciki, kwana bakwai ana amsa mini gaisuwa a taƙaice. Ranar da na fito da ita ta sha iska, sai ga yayan uwargida ya kawo ziyara, shi kuwa kafinta ne tun ina makarantar firamare. Ya dubi kujerar ya yi shiru, irin shirun da ya fi zagi ciwo. Nan girman kai ya motsa. Na ce, "Yaya, wannan aikin mutanen da ne, ba irin na yanzu ba. Duba ka gani." Na karya dokata da kaina, na tattara riga na zauna.

Gaskiya ba ta yi rawa ba, nan kam karatuna bai ci amanata ba. Abin da littafi bai faɗa mini ba shi ne, mai ƙafa uku ba ta son a karkata ta tsakanin ƙafafu biyu. Wayata ta yi ƙara a kan tebur, na miƙa hannu. Sai na ji ƙaras, sannan tim. Na farga ina kallon silin, ƙafafuna biyu a sama, hula ta yi nata wuri, ƙaramar 'yata tana tafi tana cewa in sake.

Yaya bai ɗaga ni ba, kujerar ya ɗaga. Ya kifa ta, ya kankare wani baƙin fenti da farce, sai ga sukuru yana sheƙi, mai kan gicciye. Ya ce irin wannan sukuru sai tsakiyar shekarun 1930 ya shigo kasuwa, wannan kuma ko tsatsa bai fara ba. Tabon da nake alfahari da shi, ya ce sarƙa aka sa aka yi ta dukan katakon. Ya karɓi allura ya zura a wani huji, ta shige zar har ƙarshe. Ramin tsutsa, in ji shi, lanƙwasa yake yi, wannan kuwa injin huda ne.

Daga kwance na ce, "To Yaya, ƙwarin fa?"

Ya murmushe karyayyar ƙafar da yatsu biyu, ta zube kamar toka. Ya ce, "Su kam na gaske ne. A duk kujerar nan su kaɗai ne ba a yi maka ƙarya a kansu ba."

Shekara uku ke nan da yin haka, har an daina tsokanata da maganar. Da safen nan uwargida ta kira ni ɗaki, ba ta ce uffan ba, ta nuna mini ƙarƙashin gadonmu na katako. Tsibi uku, a jere. Na auna gadon da ido, na waiwaya wajen firiza, sai na ga ta riga ta sa mata kwaɗo.