Ku daina ɗora wa waya laifi

Duk bayan Sallah sai Facebook ya cika da hotunan matasanmu na Jos, wasu a Dutsen Shere, wasu a bakin ruwan Rayfield, kuma kusan dukkansu kamar an haɗa baki: mutum tsaye cif a tsakiya kamar hoton fasfo, fili fetal a bisa kansa, an datse masa ƙafafu. Da ka yi magana sai a ce wayar ce ba ta da kyau. Ni kam ban yarda ba. Na sha ganin mai tsohuwar Tecno ya kunyata mai iPhone.

Shiga saitin kyamararka, ka kunna layukan nan da ake kira girid. Biyu a tsaye, biyu a kwance, sun raba allon gida tara kamar an haƙa gurbin dara. Mahaɗar layukan nan guda huɗu, nan gizo ke saƙar. Ka sa idon wanda kake ɗauka a ɗaya daga cikin biyun sama. In yana kallon dama, ajiye shi a layin hagu, ka bar masa sarari a gabansa. In ba haka ba, sai ya fito kamar wanda ke shirin karo da bango.

Haka ma inda sama ta haɗu da ƙasa. Kada ka raba hoto biyu daidai wa daida. Da damina, in hadari ya taso ta bayan duwatsu, ba wa sama kashi biyu, ƙasa ɗaya. Da hunturu kuwa, hazo ya mai da sama fari fat, me za a kalla a can? Ba wa duwatsun kashi biyu.

Dabarar ma ta girmi kyamarar ɗaukar hoto. Wani mai zane ɗan Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797, kuma masu zanen fenti yake yi wa magana.

Amma fa ba wahayi ba ce. Ƙofar masallaci ko doguwar hanya miƙaƙƙiya, wadda hagunta da damanta suke daidai, tsakiya ta fi dacewa da su. Hoton katin ɗan ƙasa ma, don Allah, ka bar kanka a tsakiya, kada a koro ka daga layi ka ce ni na sa ka.