Kafin Bayajidda, akwai mutane a Daura

Masu kai ziyara rijiyar Kusugu a Daura, ko gidan tarihi na Katsina da ke tsohuwar kwaleji, da yawa sukan fito da tunanin cewa zuwan Bayajidda ne farkon zaman mutane a ƙasar nan. Ba haka ba ne, labarin ma da kansa bai faɗi haka ba. Ai gari ya tarar, da sarauniya Daurama a kan mulki, da jama'ar da ke jiran Juma'a su ɗebi ruwa.

Masana binciken kayan tarihi sun gano abin da ya girmi wannan nesa ba kusa ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwale-kwalen da aka sassaƙa daga itace guda, mai shekara wajen 8,000. Lokacin Sahara tana da tafkuna da ciyawa, har da kada da dorina. Da damina ta ja baya, wajen shekara 5,000 da suka wuce, makiyaya suka riƙa gangarowa kudu da dabbobinsu, sannu a hankali, suna cuɗanya da waɗanda suka tarar.