Wai ruwan sama daban, ruwan ƙasa daban

Yau wata biyu cur da guguwar Harvey ta afka wa gaɓar jihar Texas ta Amurka a daren 25 ga Agusta, 2017, amma har yanzu ni da maiɗakina da yara uku muna cunkushe a saman bene. Ƙasan gidan kuwa ba bango, sai ƙasusuwan katako. Mu a Houston ba iska ce ta ɓarnata mu ba, ruwa ne. Kwana huɗu ana tsuga shi kamar da bakin ƙwarya, wasu wuraren har ya haura inci 50. Da aka buɗe madatsun Addicks da Barker, rafin Buffalo Bayou ya tumbatsa, muka wayi gari ruwa iya gwiwa a falo. Babbar Sallah, ranar 1 ga Satumba, a gidan wani ɗan'uwa muka yi ta da kayan aro.

Wannan daga Allah ne, na karɓa. Wanda ya tsaya min a maƙogwaro shi ne kamfanin inshorata. Shekara tara ina biyansu, ban taɓa makara ko da kwana ɗaya ba. Na kira, na kira, kullum sai su bar ni da kiɗa a kunne. Sai bayan sati uku wakilinsu ya zo. Ya leƙa rufi, ya ga bai yaye ba, ya nuna min layin taɓo a jikin ƙofa, wai da ta sama ruwan ya shigo da sun biya, amma wanda ya taso daga ƙasa ambaliya ce, inshorarta daban. To don Allah ranar da nake sa hannu, bakin wa ya yi ciwo da ba a faɗa min ba? Ko sisi!

Ga shi bangon gidajen nan ba bulo ba ne irin namu, wani allo ne mai shan ruwa kamar burodi a shayi. Kwana biyu ya isa funfuna ta kama shi. Da hannuna na yanke shi har tsayin ƙirji, na ja kafet mai wari kamar mushe na jibge a bakin titi, tare da kujeru da firji. Littattafan Islamiyyar yara da na taho da su daga Kano sun manne, ko buɗuwa ba sa yi. Autana tari yake duk dare.

Ɗan kwangilar da na samu ya karɓi kafin alƙalami, ya aiko leburori yini ɗaya, daga nan wayarsa ta mutu. Banki kuwa bai san ambaliya ba, bashin gida yana nan yana jirana.

Jiya ƙanina ya kira daga gida, wai ya ji a Amurka gwamnati ke sake gina wa kowa gida, in taimaka masa da kuɗin makarantar yara. Na juya masa kyamara ya ga falon. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Yaya, ina bangon?”