Takardar godiya kawai aka ba Kosacki

Duk sanda na ga hoton soja da abin sauraro a kunne, yana lilo da wani faifai dab da ƙasa yana neman nakiya, sai Józef Kosacki, wanda ya ƙirƙiro wannan na'urar gano nakiya, ya faɗo mini a rai. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunan ba. Ba laifinku ba ne, da gangan aka ɓoye shi lokacin yaƙi, don kada Jamusawa su huce a kan danginsa da ya baro a gida.

Injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Poland, an haife shi a 1909. Da Jamus ta afka wa ƙasarsa a 1939 yana cikin sojojin sadarwa. Ƙasa ta faɗi, ya bi ta Hungary ya shiga Faransa. Ita ma Faransa ta faɗi a 1940, sai ga shi a Scotland, laftanar mai kaki amma ba ƙasar komawa.

A wancan zamanin, soja rub da ciki yake yi yana tsokanar ƙasa da wuƙar bakin bindiga don neman nakiya, taku bayan taku, rai a hannun Allah. A 1941 Kosacki ya haɗa naɗin waya guda biyu a ƙarshen sanda, ya daidaita su yadda da zarar ƙarfe ya kusanto, daidaiton zai lalace, ƙara ta tashi a kunnen mai riƙe da ita. Nauyin na'urar wajen kilo 14, mutum ɗaya ya ishe ta. A 1942 aka kai guda 500 fagen El Alamein a Masar, inda Rommel, kwamandan Jamus, ya binne nakiyoyi kamar shuka, suka ninka saurin share hanya ga dakarun Montgomery, kwamandan Birtaniya.

To, nan ne inda nake da magana. Kosacki bai yi rajistar mallakar na'urar ba, kyauta ya miƙa wa sojan Birtaniya, Sarki George na shida ya aiko masa da takardar godiya. Masu ba da labarin sukan tsaya nan suna yaba karamcinsa. Ni ma na yaba, amma a ganina ba Birtaniya ya yi wa kyauta ba. Mutumin da aka kora daga gida, duk abin da zai gajarta yaƙi hanyar komawa yake share wa kansa. Ladan da yake jira ke nan, ba kuɗi ba.

Shi kuwa ladan bai zo yadda aka zata ba. Aka gama yaƙi, Poland ta koma hannun Tarayyar Sobiyet, kuma a faretin nasara na Landan a 1946 ba a ga rundunar Poland da ta yi yaƙi tare da Birtaniya ba. Abin da ciwo, wallahi.

Duk da haka ya koma gida, ya yi aiki a cibiyar binciken nukiliya ta Świerk, ya koyar a makarantar fasaha ta soja da ke Warsaw. Ya rasu a 1990, alhali sojan Birtaniya na ci gaba da aiki da jikokin na'urarsa.