Steelers da wasan gudu: shekara huɗu ana barin jaki ana dukan taiki

Ranar 7 ga Disambar 2020, ƙungiyar Pittsburgh Steelers ta gasar ƙwallon ƙafar Amurka (NFL) ta shiga filinta da wasa 11 a jere ba a doke ta ba. Washington ce baƙuwa. Kafin hutun rabin lokaci Steelers ta kai ƙwallo har bakin layin ci, yadi ɗaya tak ya rage mata, irin yadin nan da tela ke aunawa. Ta gwada turawa da gudu, aka tare. Ta gwada jifa, bai yiwu ba. Ta sake miƙa wa ɗan gudunta Benny Snell ya kutsa, aka kayar da shi kafin ya kai. A duk tsawon wasan an ɗauki ƙwallo da gudu sau 14, abin da aka samu yadi 21. Washington ta ci 23 da 17, kuma daga wannan rana kakar ta fara warwarewa.

Mu 'yan tsirarun da ke bin ƙwallon ƙafar Amurka a nan, muna hana idonmu barci saboda wasannin dare da ke farawa wajen ƙarfe biyu agogonmu, mun daɗe muna jan muhawara kan abin da ya kashe wasan gudun Steelers, kamar yadda magoya baya ke jan ta a can Pittsburgh. Ina da matsayi a cikinta. Amma bari in fara da wanda bai saba da wasan ba. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma. Hanya biyu ce: ko kwatabak, wato jagoran hari da ake fara miƙa wa ƙwallo, ya jefa ta ga mai cafewa, ko ya danƙa wa ɗan gudu ya rungume ta ya kutsa cikin mutane. A gabansu akwai ƙarti biyar, kowanne ya kai kilo 135 ko ya ɗara, waɗanda zan kira 'yan katanga. Ba sa cin maki, ba kasafai ake ambaton sunansu ba sai sun yi laifi. Aikinsu su ture abokan karawa su buɗe kafa, ko su tsare kwatabak har ya yi jifa.

A Pittsburgh, garin masana'antun ƙarfe, gudu da ƙwallo ya wuce dabara, mutuncin gida ne. A 1976 Franco Harris da Rocky Bleier kowannensu ya haura yadi 1,000 a kaka ɗaya. Jerome Bettis, wanda ake wa laƙabi da Bas, ya yi ritaya a Fabrairun 2006 da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, a hannu, a garinsu Detroit, kuma a wasan ne Willie Parker ya sheƙa yadi 75 ba tare da an kama shi ba, bayan ɗan katanga Alan Faneca ya share masa hanya. Mutanen da suka tashi da waɗannan hotuna a ka, ka ce musu ƙungiyarsu ce ta ƙarshe cikin 32 a wasan gudu, ai ka taɓa musu inda ke ciwo. Haka kuwa aka yi a 2020: yadi 1,351 a kaka guda, wato wajen yadi 84 a wasa, kowace ɗauka yadi 3.6.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan Cleveland Browns na 10 ga Janairun 2021. Ina zaune da waya a hannu cikin sanyin hunturu, gida kowa ya yi barci, sai ga ƙwallon farko ta wuce ta saman kan Ben Roethlisberger, kwatabak ɗin Steelers, Browns suka faɗa kanta a gidan ci. Kafin kwata na farko ya ƙare 28 da nema. Steelers ta yi ta rarrafe har ta dawo 35 da 23. A farkon kwata na huɗu, kusa da tsakiyar fili, dama ta huɗu, yadi ɗaya ake nema. Koci Mike Tomlin ya zaɓi a buga ƙwallo a mayar wa Browns. An zage shi sosai a kan haka, ni ma ban yafe masa ba a daren. Daga baya na gane cewa kocin da ya ga abin da ya faru a wasan Washington ba shi da dalilin amincewa mutanensa za su ciyo yadi ɗaya da ƙarfin tsiya. Roethlisberger, ɗan shekara 38 da aka yi wa tiyata a gwiwar hannu, ya yi jifa 68 a daren. An tashi 48 da 37.

Daga nan magoya baya suka rabu. Kashi na farko, kuma su suka fi yawa da ƙarfin murya, suka ce matsalar ɗan gudu ce: James Conner ba ya rabo da jinya, Snell ba shi da sauri, a nemo gwarzo daga jami'a a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa. Kashi na biyu suka ce katangar ce ta tsufa. Na uku suka ɗora komai kan mai tsara hari, Randy Fichtner, da gajerun jife-jifen da kowa ya haddace.

Ni ina tare da kashi na biyu, kuma hujjata tana cikin gidan Steelers kanta. Daga 2014 zuwa 2018 Mike Munchak ne kocin 'yan katanga, da Maurkice Pouncey a tsakiya, David DeCastro da Ramon Foster a gefensa, Alejandro Villanueva da Marcus Gilbert a bakin layi. A bayan waɗannan mutane ɗan gudu Le'Veon Bell ya zama tauraro, da salonsa na tsayawa ya jira kafa ta buɗe sannan ya sulale. Da Bell ya ji rauni a 2015, DeAngelo Williams mai shekara 32 ya ci yadi 907. Da Bell ya ƙaurace wa kakar 2018 saboda rikicin kwantiragi, Conner ya ci yadi 973 a wasa 13 har aka zaɓe shi Pro Bowl, wasan gwanayen gasar. Mutum uku, salo uku, duk suka ci riba. Bell kuwa da ya koma New York Jets a 2019, kowace ɗaukarsa ba ta wuce yadi 3.2 ba. Munchak ya tafi Denver a shekarar, Foster ya yi ritaya, sauran jiki ya fara gaya musu. Conner bai manta gudu ba a 2020, kafar ce ta daina buɗewa.

To me ƙungiyar ta yi? A Afrilun 2021 ta ɗauki ɗan gudu Najee Harris na jami'ar Alabama a lamba ta 24 a zaɓen sababbin 'yan wasa. Na tuna murnar da aka yi. Wani abokina da muke kallo tare ya kira ni da sassafe, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, Bas ya dawo!" Na ce masa, "Allah Ya sa, amma wa zai share masa titi?" Domin a wannan shekarar Pouncey ya yi ritaya, Villanueva ya koma Baltimore, Matt Feiler ya koma Chargers, DeCastro kuma aka sallame shi a watan Yuni. Daga cikin waɗanda suka riƙe katangar a 2020, Chukwuma Okorafor, haifaffen Najeriya, shi ne kusan kaɗai ya rage. Aka cike gurbi da sababbin shiga biyu, Kendrick Green daga zagaye na uku a tsakiya, alhali yawancin wasansa a jami'a ba a wannan gurbi ya yi ba, da Dan Moore daga zagaye na huɗu a hagu. A zagaye na biyu ɗan katanga Creed Humphrey yana nan ba a ɗauka ba lokacin da Steelers ta zaɓi mai cafewa Pat Freiermuth. Kansas City ta ɗauke shi a lamba ta 63, ya zama ɗaya daga cikin gwanayen gurbin tsakiya a gasar.

Najee Harris ya yi abin da ɗan Adam zai iya. A kakarsa ta farko ya taɓa ƙwallo sau 381, fiye da kowa a gasar, ko sau ɗaya ba ta suɓuce masa ba. Ya ci yadi 1,200. Amma sai da ya ɗauka sau 307 kafin ya tara su, wato yadi 3.9 a ɗauka, ƙungiyar kuma ta tashi daga ta 32 zuwa ta 29. Duk wanda ya kalli wasannin ya san hoton: ana danƙa masa ƙwallo, kafin ya taka sau biyu wani ƙato ya riga ya rungume masa ƙugu, sai ya yi ta fizge-fizge don kawai ya dawo inda aka fara. A kakar ne kuma Conner, wanda aka ce shi ne matsala, ya shiga gidan ci sau 18 a Arizona.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muhawarar ta juya kan Harris ɗin. Waɗanda suka yi ta kiran a ɗauko shi su ne suka dawo suna cewa ba ya ganin kafa, yana rawa a bayan layi, ba shi da saurin tserewa. Da Jaylen Warren ya zo a 2022, yaron da babu ƙungiyar da ta zaɓa, sai aka samu sabuwar waƙa: a ba Warren. Gaskiya ne a 2023 Warren ya ci yadi 784 a ɗauka 149, fiye da yadi biyar a ɗauka, kuma yana buga kafa da sauri ba ya tsayawa shawara. Sai dai a yi adalci. Wanda ake ba ƙwallo lokacin da masu tsaro suka ja baya suna jiran jifa, da wanda ake ba ita lokacin da mutum takwas suka cunkushe a gaba, ba aiki ɗaya suke yi ba. Harris ya haura yadi 1,000 shekara huɗu a jere bai taɓa fashin wasa ba. Idan Warren ya tabbatar da wani abu, to shi ne ana iya samun ɗan gudu nagari ba tare da an kashe zaɓin zagayen farko ba, kuma wannan laifin masu zaɓe ne.

Kashi na uku ma suna da tasu gaskiyar, ba zan danne ta ba. Matt Canada, wanda ya gaji Fichtner, ya kai magoya baya maƙura, har suka riƙa rera kiran a kore shi a filayen wasa. Aka sallame shi a Nuwamban 2023, abin da ƙungiyar ba ta saba yi a tsakiyar kaka ba, kuma a wasan da ya biyo baya da Cincinnati ta ci yadi 421, karon farko da ta haura 400 bayan wasa 58. Haka nan gudu ba ya tafiya idan abokan karawa ba sa tsoron jifa mai nisa. Roethlisberger na ƙarshe yana sakin ƙwallo cikin ƙiftawar ido, waɗanda suka biyo bayansa kuma ba su razana kowa ba, don haka masu tsaro suka matso gaba hankali kwance. Duk na yarda. Amma shi kansa saurin sakin ƙwallon, ai rashin yarda da katanga ne ya haife shi. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙungiyar da daga DeCastro a 2012 ba ta sake ɗaukar ɗan katanga a zagayen farko ba sai 2023, wadda kuma ta yi kocin katanga huɗu tsakanin 2018 da 2022, ba ta da bakin mamaki.

Akwai masu lissafi da ke cewa duk wannan ɓata baki ne, zamanin gudu ya wuce, jifa ke cin wasa, ɗan gudu kuma kowa ka sa daidai ne. Kakar 2024 ta amsa musu. Saquon Barkley a New York Giants a 2023 ya ci yadi 962, kowace ɗauka 3.9, daidai da lissafin Harris a shekararsa ta farko. Ya koma Philadelphia Eagles, bayan katangar da koci Jeff Stoutland ya shafe fiye da shekara goma yana ginawa, da Lane Johnson da Jordan Mailata da Landon Dickerson, sai ya ci yadi 2,005, aka kuma ɗaga Super Bowl a Fabrairun 2025. A bayan katangar nan Miles Sanders ya ci 1,269 a 2022, ya koma Carolina ya tsaya a 432. D'Andre Swift ya zo ya haura 1,000. Katanga mai kyau tana ba ɗan gudu matsakaici yadi dubu, gwarzo kuma ya ninka shi. Ba na cewa gwarzo ba shi da amfani. Ina cewa Philadelphia ta gina sannan ta sayo, Pittsburgh ta sayo alhali ginin yana rushewa, aka ƙarar da shekarun ƙuruciyar Harris a tsakanin.

Daga baya an farga a Pittsburgh, aka shiga kawo 'yan katanga. Broderick Jones a lamba ta 14 a 2023, Isaac Seumalo daga Philadelphia a shekarar, Troy Fautanu a lamba ta 20 a 2024 tare da Zach Frazier a zagaye na biyu, aka kuma kawo Arthur Smith, mai tsara hari da aka sani da son gudu. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum biyar ba sa zama katanga ɗaya sai sun daɗe suna cuɗanya, kowa ya san takun na kusa da shi ba tare da ya waiga ba. Fautanu wasa ɗaya ya yi a kakarsa ta farko gwiwa ta kwantar da shi.

Ranar 11 ga Janairun 2025 Steelers ta je Baltimore a zagayen farko na wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Ravens ta Baltimore ta ci yadi 299 da gudu, Derrick Henry shi kaɗai 186. Steelers ta ci 29. Na kalli rabin farko ina jin nauyi a ƙirji, domin irin dukan da Pittsburgh ta saba yi wa mutane a zamanin Bettis ke nan aka yi mata, kuma babbar abokiyar gabarta ce ta yi. Wata biyu bayan nan Harris ya tattara ya koma Chargers. A Afrilu ƙungiyar ta kashe zaɓinta na farko kan Derrick Harmon, ƙato mai tare gudu daga Oregon, ta jira har zagaye na uku kafin ta ɗauki ɗan gudu, Kaleb Johnson na Iowa. Abokina ya sake kirana yana ƙorafi, wai an bar gwarzaye sun wuce. Na ce masa wannan karon ni ban ga laifinsu ba, ya je ya sake kallon rabin farko na wasan Baltimore, ya ɗauke idonsa daga ƙwallo ya kafa shi kan layin da ƙartin suke karo, sannan mu yi magana.